Yadda Ake Gina Wa Yaro Yarda Da Kansa Ta Hanyar Aikin Hannu

"Kawo nan, za ka ɓata." Kusan babu gidan da ba a faɗar wannan magana, kuma mai faɗinta ba ya nufin sharri, sauri yake yi. Amma yaron da ya ji ta sau ɗari kafin ya kai shekara goma ya riga ya haddace darasin da ke cikinta: hannunsa ba na gyara ba ne. Irinsa ne za ka gani a aji ya san amsa amma ya sunkuyar da kai, ko a aike shi kasuwa ya dawo bai taya ba don yana tsoron a yi masa dariya.

Ba a cusa wa yaro yarda da kai da baki. Ko kullum kana ce masa "kai gwarzo ne", in bai taɓa fara wani abu ya gama da hannunsa ba, maganar a kunne take tsayawa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi bayani a 1977 cewa abin da ya fi ƙarfafa wa mutum imanin cewa zai iya shi ne ya taɓa gwadawa ya yi nasara da kansa. Lallashi da kirari suna baya. Aikin hannu kuwa shi ne hanya mafi arha ta samar wa yaro irin wannan nasara, domin sakamakon abu ne da ake gani, ake taɓawa, ake nuna wa kaka. Ga yadda ake yi, uwa ce za ta zauna da shi ko uba.

Mataki na 1: Zaɓi aikin da ya yi daidai da hannun yaron

A nan mafi yawan iyaye ke yin tuntuɓe. Aikin da ya yi sauƙi da yawa ba ya ƙara wa yaro komai, wanda ya fi ƙarfinsa kuma yana tabbatar masa da abin da yake tsoro. Abin nema shi ne aikin da zai iya yin mafi yawansa shi kaɗai, ya buƙace ka a wuri ɗaya ko biyu.

Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana son abin da ake matsawa, a yaga, a liƙa: yumɓu, yagaggun takardu, zira manyan marafen roba a igiya. Daga 6 zuwa 8 yatsu sun fara jin magana, zai iya almakashi, ƙulli, motar kara ko ta kwali, 'yartsana ta tsumma. Daga 9 zuwa sama ana iya shiga allura da zare, saƙar kaba, ɗinkin jaka ko zanen hula. Wannan kiyasi ne kawai, kai ka san ɗanka. Kuma kada ka raba aikin da cewa wannan na maza ne, wancan na mata. Yarinyar da ta ƙera mota ta ga tana tafiya, da yaron da ya ɗinke maɓallin rigarsa, abu ɗaya suka samu.

Ka ajiye masa zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya. "Mota za mu yi ko asusu?" Wannan 'yar tambaya ita ce farkon aikin, don tun daga nan ya san nasa ne.

Mataki na 2: Ku tara kaya tare

Kada ka je kanti ka sayo komai a leda. Nemo kayan ma aiki ne. Bayan girbi karan dawa yana ko'ina a karkara. A birni akwai kwalin sukari da na ashana, marafen robar ruwa, tsohon silifas, ƙyallayen da tela ke sharewa da yamma, zaren buhu, bututun biro da tawadarsa ta ƙare. Ku samu kwali ɗaya babba, yaron ya rubuta sunansa a jiki, ya zama ma'ajiyarsa da ba mai taɓawa sai da izininsa. A gidan da yara suka yi yawa, komai na kowa ne, mallakar kwali ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin manni ba sai an saya ba. A dama cokali biyu na sitaci ko fulawa da ɗan ruwan sanyi, a zuba cikin rabin kofi na tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a bar shi ya huce. Yana riƙe takarda da kwali sosai, sai dai ba ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba, don haka a dama kaɗan. Ƙaro da aka jiƙa shi ma yana mannewa, shi ne dai wanda ake sa wa tawadar allo.

Batun tsaro a taƙaice. Reza da wuƙa da ƙusa mai zafi a hannun babba suke zama. Bakin gwangwani da langa-langa suna yanka, a bar su sai yaro ya girma. Ƙananan duwatsun ado, maɓallai da ƙaramin batirin agogo kada su kusanci ɗan ƙasa da shekara uku, komai baki yake kaiwa. Idan yumɓu za a ɗebo, a nisanci bakin kwata da wuraren da ake haƙar ma'adinai ko wanke su. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar gurɓatacciyar ƙasa da ƙurar niƙan duwatsun zinariya ta shiga jikinsu. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ɗan curi wajen masu ginin tukwane.

Mataki na 3: Tsayar da lokaci, ka ajiye waya

Minti talatin zuwa arba'in sun isa, ga ƙanana ma sha biyar. Bayan la'asar ranar da babu makaranta, ko safiyar Asabar. Kada a zauna da yaro mai jin yunwa ko wanda ya dawo daga Islamiyya a gajiye. A shimfiɗa tabarma ko tsohon buhu, a sa tufafin da ba a jin ɓacinsu, don in kana zaune kana fargabar riga bakinka ba zai daina "kai, a hankali" ba.

Ka zauna a ƙasa kusa da shi, ba a kujera kana kallonsa daga sama ba. Wayar kuma ta shiga ɗaki. Yaro yana lura da inda idonka yake fiye da abin da bakinka ke faɗa.

Mataki na 4: Ka yi naka, ya yi nasa

Wannan ne ƙashin bayan al'amarin. Ku ɗauki kaya kashi biyu. Duk abin da za ka koya masa, a kan naka za ka nuna, a hankali, sau biyu, sannan ya gwada a kan nasa. Muddin naka yana gabanka, hannunka yana da abin yi, ba zai riƙa ƙaiƙayin kai wa nasa ba.

Mu ɗauki motar kara, wadda iyayenmu suka yi ba tare da kowa ya kira ta darasi ba.

A samu busasshen karan dawa uku ko huɗu masu kauri. Kai za ka fere ɓawon, don gefensa yana da kaifi kamar reza, ka tsaga shi siri-siri ya zama tsinkaye. Abin da ya rage a ciki, wato totuwa, fara ce mai laushi, yaro zai iya karya ta ko ya yanka da almakashi. Ya auna guda biyu masu tsawon taƙinsa ɗaya da rabi, su ne gefen mota. Ya yanka gajeru uku daidai da juna, su ne za su gitta a gaba, tsakiya da baya. Tsinken ɓawon shi ne ƙusa: a soka shi ta jikin doguwar totuwa ya shige cikin gajeruwar. In an haɗa duka an samu gado mai kusurwa huɗu. Daga nan a kafa ginshiƙai huɗu a gaba a yi kan direba, a bar baya a buɗe in a-kori-kura ake so, ko a ɗaga shi a yi bodin tirela.

Tayoyi su ne wurin da ake shan wahala. A ɗora bakin ƙaramin kofi a kan tsohon silifas, yaron ya zagaye da biro sau huɗu, kai ka yanka. Ya nemo tsakiyar kowace taya ya sa ɗigo, kai ka huda. A ɗaure bututun biro biyu a ƙarƙashin gadon da zare, ɗaya gaba ɗaya baya, a zira tsinken tsintsiya mai ƙarfi ko wayar tayar keke ta ciki, a cusa tayoyi a bakin kowane gefe. Sirrin shi ne sandar ta riƙa juyawa a cikin bututun ba tare da ta matse ba. A ƙarshe a ɗaura igiyar ja a gaba, ko a kafa dogon kara ya zama sitiyari.

Ranar da na fara yin wannan da yarona, yana da shekara bakwai, ɗigonsa na taya ɗaya ya kauce daga tsakiya. Na gani sarai, har hannuna ya tashi, sai na mayar da shi na huda inda ya nuna. Motar ta fito tana ɗingishi, tana ɗaga ƙugu duk juyi ɗaya. Ya tura ta sau uku, ya kwanta rub da ciki a tsakar gida yana leƙen ƙarƙashinta, can ya ɗago ya ce, "Baba, ramin wannan ba a tsakiya yake ba." Na ce to ya za a yi? Ya yi shiru, ya ɗauko taya mai kyau ya ɗora a kan sabon silifas, ya zira biro ta raminta ya yi ɗigo. Ban koya masa wannan ba, ni kaina ban kawo ta a raina ba. Da na gyara masa tun farko, da mota mai kyau kawai zai samu.

Mataki na 5: Yadda ake taimako ba tare da ƙwace aiki ba

Idan ya maƙale, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka yi magana. Yawanci kafin ka kai bakwai ya sake gwadawa. In bai samu hanya ba, fara da tambaya: "Ina ne yake ƙi?" ko "Me kake gani zai faru in ka juya shi?" In tambaya ba ta yi ba, nuna a kan naka. In har yanzu, ka riƙe masa gefe ɗaya ya yi sauran. Ɗaukar aikin daga hannunsa shi ne na ƙarshe, kuma sai ka nemi izini: "In taya ka wannan ƙullin?" In ya ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Akwai lokacin da zai fusata ya yi jifa da abin, har da kuka. Kada ka ce "ɗan wannan ne abin kuka?" kuma kada ka yi saurin gama masa don ya yi shiru. Ka ce, "Wurin nan da wuya, ni ma yana ba ni wahala. Mu sha ruwa mu dawo." Kuma ku dawo ɗin, ko da gobe ne. Abin da ake so ya saba da shi shi ne cewa jin haushi ba ƙarshen aiki ba ne.

Kai ma ka bari ya ga kuskurenka. In totuwarka ta tsage, kada ka ɓoye, ka ce "kash, na matsa da yawa, bari in sake." Yawancin yaranmu ba su taɓa jin babba ya ce na yi kuskure ba, shi ya sa suke ɗauka kuskure abin kunya ne da ya keɓanta da su.

Wani abu da ya kamata in faɗa: in yaronka bahago ne, ƙyale shi ya yi aikin da hagunsa. Koyar da cin abinci da dama daban, riƙe almakashi da allura daban. Ka zauna fuska da fuska da shi maimakon gefe, sai hannunka ya zame masa kamar madubi.

Mataki na 6: Kula da bakinka wajen yabo

Gori da kwatance kowa ya san illarsu: "dubi na yayanka", "kai dai ba ka iya komai ba". Waɗannan a binne su. Abin da ba a cika sani ba shi ne yabo ma yana da irin da ke raunana yaro.

A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa wani bincike da suka yi a Amurka da 'yan aji biyar na firamare. An ba yaran wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, aka yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi karkata ga zaɓen aiki mai sauƙi daga baya, kuma da suka haɗu da tambayoyi masu wuya suka faɗi, sun fi saurin karaya, aikinsu na gaba ya ja baya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi jurewa. Dalilin a bayyane yake: wanda aka naɗa wa rawanin gwaninta tsoron faɗuwar rawanin yake yi, wanda aka yaba wa aiki kuwa ya san abin da zai maimaita.

Saboda haka maimakon "kai, gwani na gwanaye!" ka faɗi abin da idonka ya gani. "Sau uku tayar nan ta fita, ka mayar da ita." "Na ga yadda ka auna gefen biyu suka zo daidai." "Wa ya ba ka dabarar ɗora taya a kan taya?" Sa albarka kuwa ba ta da madadi, "Allah ya yi maka albarka" daga bakin uwa ko uba ta fi kowane kirari nauyi, sai dai a haɗa ta da ambaton abin da ya yi.

Kada kuma ka yi masa ƙarya. In abin ya karkace, ya san ya karkace. In ka ce babu kamarsa a duniya, zai daina yarda da yabonka gaba ɗaya. Tambaye shi, "Wane wuri ne ya fi burge ka? Wane za ka sauya in za ka sake?" Da zanen ƙaramin yaro kuma kada ka yi saurin cewa "wannan akuya ce?" alhali raƙumi ya zana. Ka ce "ba ni labarinsa."

Mataki na 7: A gama, kuma a yi amfani da abin

Aikin da aka bari rabi ba ya gina komai. Gara ƙaramin abu da aka kammala da babban da ya kwana a kwali wata uku. Shi ya sa nake ganin asusun yumɓu ya dace da zama na biyu. A cuɗa yumɓun da ɗan yashi mai laushi har ya daina manne wa hannu, a yi curi biyu kamar lemo, a luma babban yatsa a tsakiyar kowanne ana matsawa ana juyawa har ya zama ƙoƙo. A karce bakunan da tsinke, a shafa ruwa, a kifa ɗaya a kan ɗaya, a shafe mahaɗar. A tsaga ramin saka kuɗi tun yana ɗanye, ya ɗan fi girman da ake so don yumɓu yana tsukewa. A inuwa ake shanya shi kwana huɗu ko biyar. Rana tana fasa shi, iskar hunturu ma haka, don haka a lulluɓe da tsumma ranar farko. Wanda ba a gasa ba ruwa yana narkar da shi. In akwai maginiyar tukwane kusa, ku kai mata tare ta sa a cikin gashinta, yaron ya yi bayanin abinsa da bakinsa.

In babu yumɓu, gwangwani biyu na fulawa, ɗaya na gishiri da kusan ɗaya na ruwa suna ba da ƙulli mai kyau da ke bushewa ya yi tauri. Ba na ci ba ne, a kuma kawar da shi daga awaki da kaji.

Duk abin da aka gama, a ba shi aiki a gida. Asusun ya karɓi kuɗin gaske. Muhucin da 'yarki ta saƙa a yi fifita da shi gaban baƙi. Faifan da ya ɗan karkace a rufe kwanon tuwo da shi. In baƙuwa ta tambaya, kada ki amsa mata, ki ce "ga mai shi nan, tambaye ta." Yarinyar za ta noƙe a karon farko, ta yi magana ƙasa-ƙasa, a karo na uku ita za ta ɗauko abin da kanta. Amma kafin a ɗauki hoto a tura wa dangi a WhatsApp, a tambaye ta ko ta yarda.

Mataki na 8: Ƙara wuya kaɗan-kaɗan, sannan ya koyar

Sau ɗaya a mako ya wadatar in an dawwama. Kowane zama a ƙara abu ɗaya sabo, ba biyar ba: wannan makon mota mai ƙofa, na gaba mai tayoyin gaba da ke juyawa. A ajiye na farko kada a jefar. Bayan wata biyu a jera tsohon da sabon, yaron ya gani da idonsa. Wannan kwatancen kaɗai ya halatta, shi da kansa na jiya.

Ku riƙa kai ziyara wurin masu sana'a. Wanda ke Kano ya kai yaro marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma farin yadi a ruwan baba ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ko Kasuwar Kurmi wurin dukawa. Kowane gari yana da maƙeri, masassaƙin turmi, mai gyaran ƙwarya. Ku gaisa, ku nemi izini, yaron ya yi tambaya ɗaya da ya shirya tun daga gida. Da kun dawo za ku iya gwada rinin ɗauri a kan tsohuwar farar singileti da ruwan kurkur ko ɓawon albasa da aka tafasa. Launin ba ya daɗewa kamar na galura, amma kwance zaren a ga zanen da ya fito ya ishi yaro murnar yini guda.

Idan ya ƙware a abu ɗaya, sa shi ya koya wa ƙaninsa ko ɗan maƙwabta, kai kana gefe. Ko kuma ka ce, "Na manta yadda ake ɗaure bututun nan, nuna mini." Za ka ji kalmominka suna fitowa daga bakinsa, masu kyau da marasa kyau, don haka ka saurara da kyau.

In yara sun fi ɗaya

Kada a mayar da zaman gasa, kada a ce "na wa ya fi kyau?" ko da wasa. A ba kowa aiki daban, ko a raba aiki ɗaya: babba tayoyi, ƙarami lodin kaya. Yaron da ya fi shiru, wanda 'yan'uwa ke rufe wa baki, a ware masa zamansa shi kaɗai ko da minti goma sha biyar ne. A gidan da ake da 'yan uba, uba ya yi adalci a wannan kamar yadda yake yi a kayan Sallah, don yara suna ƙirga zaman da aka yi da kowa.

Kuma ka shirya wa ranar da ƙaramin zai taka motar ya ragargaza ta, don ranar tana nan tafe. Kada ka ce "ai kara ne kawai", kada kuma ka yi alkawarin sayo ta roba. Ku tsince ɓaraguzan tare, ku ware abin da ya tsira. Tayoyin silifas da bututun biro ba sa karyewa, totuwa ce kawai za a sake yankawa, kuma wannan karon ka bar shi ya fara ba tare da ka ɗauko naka ba.